Sanarwa: kula da jiki kafin wasannin rawa su kankama

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Lokacin wasanni ya ƙarato, atisaye zai yawaita, kuma in gajiya ta taru rauni ba ya nisa. Za mu zauna ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma a wurin atisaye don tsara ranakun hutu. Kowa ya zo, har da makaɗa.

Daga yau ba mai shiga rawa sai ya ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15: sassarfa, juya kafaɗu da ƙugu, motsa idon sawu. Wanda ya makara ma ya yi nasa a gefe. Doguwar miƙar jijiyoyi kuwa a bari sai an tashi.

Targaɗen idon sawu ya fi samun masu rawa wajen dira bayan tsalle. In ya faru a tsaya nan take, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama. In taku ya gagara, sai asibiti. Ciwon ƙwauri da ke ƙaruwa kullum ba abin daurewa ba ne, yana iya zama tsagewar ƙashi, musamman ga mai yawan tsalle a kan siminti. Don Allah kada a ɓoye ciwo saboda tsoron rasa gurbi, wannan halin ya fi komai damuna.

A riƙa zuwa da gorar ruwa, a kuma samu barcin awa 7 zuwa 9.

Allah ya tsare mu, ya ba mu sa'a.

Naku,
Sakataren rukuni