Makullin Waƙoƙin Intanet da Haƙƙin Mai Saye

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan makullin da kamfanoni ke sanya wa waƙoƙin intanet don hana kwafa. A 2006 Faransa ta yi dokar da ta nemi waƙar da aka saya a shago irin iTunes ta yi aiki a kowace na'ura, amma aka rage mata kaifi kafin ta fito, kuma sai a 2009 kamfanin Apple, mai shagon iTunes, ya cire makullinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta ɓalle irin wannan makulli. To, wanda ya biya kuɗinsa, ya canja waya, ya latsa waƙa ta ƙi tashi, wa zai kai wa kuka? Ya kamata hukuma ta fayyace mana.

Naka,
Mai karatu daga Kano