Malam Edita, a dawo mana da shafin 'yan fim, kowa na karantawa a ɓoye

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu yawan rubuto wasiƙa. Allah ya ƙara basira.

Ni dai yau ba siyasa ta kawo ni ba, ba kuma maganar tsadar masara ko kuɗin mai ba, waɗannan akwai masu rubuto maku su kullum kuma sun fi ni iyawa. Koke gare ni a kan shafinku na nishaɗi wanda na lura kwana biyun nan ya tsuke ya koma rabi, wani satin ma talla ce ke cinye shi gaba ɗaya sai dai mutum ya yi ta buɗe-buɗe bai ga komai ba. Na san abin da za a ce, wai jarida ta manya ce, manya kuma ba ruwansu da wane ya auri wance ko wance ta yi wa wance habaici a Instagram. To ranka ya daɗe ni ina da shaidar cewa manyan nan su ne a sahun gaba, kunya ce kawai ke hana su faɗa, ka san mu Katsinawa da kunya, tana cikin kirarinmu.

Sana'ata caji da turi ce, ina da ɗan shago a wajen Ƙofar Ƙaura, waya na ɗauke a jere a kan katako ana caji, kwamfuta kuma na gefe ina zuba wa mutane fim da waƙa a memori. Wanda ke irin wannan sana'ar ya san sirrin unguwa fiye da mai unguwa. Akwai wani dattijo, mutumin kirki wallahi, a majalisa shi ne kan gaba wajen cewa 'yan fim sun lalata tarbiyya, amma duk sati sai ya zo da magariba ta kawo jiki lokacin da samari suka watse, ya miƙo memori ya ce "ɗana, a zuba mini tafsiri da ɗan wa'azi", sai ya waiga hagu ya waiga dama ya rage murya, "in sabon Labarina ya fito a haɗa, na mutanen gida ne." Na ce to Baba Alhaji an gama. Sati na zagayowa sai ga shi da faɗa, wai me ya sa marubucin nan yake jan labari haka, wai yarinyar nan ai bai kamata ta yarda da yaron ba tun farko ana ganin idonsa an san macuci ne. Na ce Baba ai na ɗauka na mutanen gida ne, ya ce "kai tafi can, wucewa nake yi ta falo nake ɗan gani." Wucewar awa ɗaya da kwata.

Kuma fa abin nan ba yau ya fara ba. Tun 1990 da aka yi Turmin Danya a Kano ake fim ɗin bidiyo na Hausa, kuma tun lokacin mutane ke son sanin me 'yan wasan ke yi in an kashe kyamara. A 1999 Malam Ibrahim Sheme, ɗan jiharmu ne daga ƙasar Faskari, ya fara fitar da mujallar Fim, yayyenmu mata a ƙarƙashin katifa suke ɓoye ta, guda ɗaya sai ta zaga gida biyar kafin ta dawo ba bango. Amma ka ga ita wannan gulma ce mai lasisi, ɗan jarida zai je ya sami mutum ya tambaye shi, ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren, in an yi ƙarya akwai ofishin da za a je a kama. Yanzun kuwa kowa ɗan jarida ne in dai yana da data.

Abin da ke ƙona mini rai kenan, kuma shi ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan. Ka shiga YouTube ka gani, za ka tarar da hoton jaruma an haɗa mata hawaye, an rubuta Innalillahi da manyan baƙaƙe ja, gabanka ya faɗi ka danna da sauri, sai wani yaro ya yi minti takwas yana gaishe ka yana roƙon ka danna ƙararrawa, a ƙarshe ashe wai wayarta ce ta faɗi a ruwa. Jarumai nawa aka kashe a Facebook suna zaune suna cin tuwo, sai sun fito da bidiyo suna rantsuwa cewa suna raye. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har kuka ta sha ta aiko jikanta in duba mata ko gaskiya ne wani ɗan wasan barkwanci da take so ya rasu, na duba na ce a gaya wa Inna yanzun nan ma ya saka hoto yana wurin biki. To da a ce jarida irin taku na ba abin nan muhimmanci ai da mun san inda za mu je mu tabbatar.

Ka tuna rigimar Ladin Cima a farkon 2022? Tsohuwar nan ta yi hira da BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita ta ce dubu biyu, dubu uku, dubu biyar ake ba ta in ta yi fim, kafin gari ya waye Kannywood ta kama da wuta, su Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka, Naziru Sarkin Waƙa ya shigo da nasa bidiyon, aka yi ta yi sati guda ba a maganar komai a shagona sai wannan. Masu cewa gulma ce kawai ba su lura ba, a cikin wannan cece-kucen ne talaka ya fara sanin yadda ake biyan 'yan fim, cewa akwai mai fitowa a sin ɗaya ko biyu a sallame shi a wurin, akwai kuma jarumin da ake ciniki da shi na fim gaba ɗaya, kuma wanda ka shekara talatin kana gani a talabijin zai iya kasancewa ko gidan kansa ba shi da shi. Wannan ai labari ne na sosai, irin wanda ya kamata ɗan jarida ya bi diddigi ya zauna da furodusoshi ya kawo mana lissafi, amma aka bar mu da masu yanka bidiyo suna ɗora kiɗan tashin hankali a ƙasa.

Haka maganar Rahama Sadau, a 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da ClassiQ, aka ce shikenan ta gama, sai ga shi korar ma kamar tura ta gaba aka yi, ta shiga fina-finan kudu sunanta ya ƙara nisa. Ni ba ina goyon bayan kowa ba ne, kowa ya san abin da addini da al'ada suka ce, amma dai masu zaginta a lokacin da yawansu su ne na ga suna rububin tura hotunan aurenta a 2025 suna Allah ya ba da zaman lafiya. Shi kuma Ali Nuhu da ake cewa ɗan rawa da waƙa, a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa, sai ga 'yan majalisarmu ta bakin titi masu cewa fim ba sana'a ba ce suna cewa ai dama yaron akwai natsuwa.

Sai kuma Big Brother Naija, shirin talabijin ɗin nan da ake tara mutane a gida ɗaya ana kallonsu, wanda a nan Katsina in ka tambayi mutum ɗari, ɗari da ɗaya za su ce maka a'uzubillahi ba sa kallo. Na yarda, ni ma akwai abubuwan da ake yi a gidan nan da ba zan iya kallo da ƙanwata a ɗaki ba, kuma ban ga laifin malaman da ke faɗa a kai ba. Amma ka bari a zo satin ƙarshe ka ji yadda ɗaliban jami'a da 'yan bautar ƙasa da ke kawo caji suke musu a kan wa zai ci, har da 'yan garin nan haifaffun Rafindadi da suka san sunan kowa a gidan, wai a status ɗin wani suka gani. Da yawa ma ba su san wanda ya fara cin gasar a 2006 ɗan arewa ba ne, Katung Aduwak daga jihar Kaduna, dala dubu 100 ya tafi da ita. A 2023 kuwa Ilebaye naira miliyan 120 ta ɗauka, don kawai ta zauna a gida ana kallonta tana ci tana barci tana faɗa. Wani abokina ya ce in dai zama a gida ba aikin yi ana faɗa da mutane ne ake biya, to shi an daɗe da cin haƙƙinsa.

Ni kam a ganina mu Hausawa ba mu buƙatar wannan shirin, wanda ya taɓa zama a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya da igiyar shanya ɗaya ya riga ya ga Big Brother, har da korar mutum daga gida in wata ya ƙare. Kuma ma 'yan fim ɗinmu da 'yan TikTok ai sun mayar da rayuwarsu shirin da ba ya ƙarewa, a gabanmu ake soyayya, a gabanmu ake ɓatawa a goge hotunan juna, a zo gidan Hadiza Gabon a zauna a kujera a yi bayani har da hawaye, mu kuma muna ƙasa wajen kwament mun kasu gida biyu kamar mu za a ba sadakin. Lokacin kullen korona a 2020 da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta fito matan aure suka dinga yi wa mazajensu rawa suna sakawa a intanet, malamai na faɗa, mutane na Allah wadai, amma a shagona ba a taɓa tura waƙa kamar ita ba, har mai sayar da itace sai da ya sa aka zuba masa.

Wani abin kuma Malam Edita, in za ku gyara shafin dan Allah ku tuna ba Kano kaɗai ke da taurari ba. Kanawa sun iya talla shi ya sa komai sai a ce nasu ne. Alhaji Mamman Shata namu ne, ɗan Musawa, ya zauna Funtuwa, da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi, kuma in ana maganar habaici da zambo duk waɗannan yaran masu jefa magana a TikTok ko ɗaukar masa kalangu ba su isa yi ba, shi in ya ɗora wa mutum waƙa har jikoki sai sun ji a jikinsu. Barmani Choge ta Funtuwa ta yi wa kishiya abin da har yau mata ke rerawa a gidan biki. Dauda Kahutu Rarara daga ƙaramar hukumar Ɗanja yake, ko kana son siyasarsa ko ba ka so, ranar da aka ɗaura aurensa da Aisha Humaira a Maiduguri a 2025 ba wanda ya yi maganar wani abu daban a garin nan, masu cewa ai dama mun faɗa sun fi masu mamaki yawa. Ga Izzar So na Lawan Ahmad, sunan tashar ma kaɗai, Bakori TV, ya ishe ka sanin inda aka dosa. Amma sai a yi wata guda ban ga an yi hira da wani mawaƙi ko ɗan wasa da ke zaune a Katsina ko Daura ko Malumfashi ba, alhali akwai yara masu basira da ke haɗa barkwanci da waya ɗaya a lungu, mabiyansu sun fi na wasu 'yan majalisa.

Indiya-Hausa ma kada a manta da shi, fassarar Algaita ita ce abin da na fi turawa bayan fim mai dogon zango, akwai yaran da suka ɗauka da gaske jaruman Indiya Hausa suke ji, har ɗaya ya taɓa tambaya ta wai wane gari ne a Indiya ake Kananci haka.

Don haka roƙona a mayar da shafin cikakke, a sa wakili wanda ya san harkar yana da lambar mutanen nan, in an ce wance ta fito daga gidan miji ya kira ta ya ji, in ta ce ba ta son magana a rubuta haka a bar ta, in ƙarya ce a faɗa mana ƙarya ce. A bar zagi da tonon asirin iyali, wannan masu TikTok sun ishe mu da shi. A riƙa gaya mana wane fim ne ke fitowa, wa ya rubuta, nawa aka kashe in sun yarda sun faɗa, da abin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da dalilinta, don sau da yawa sai dai mu ji an ce an dakatar ba mu san laifin ba.

Kuma in wakilin naku ya samu zama da Malam Aminu Saira, dan Allah ya tambaye shi zango nawa ya rage a Labarina, Baba Alhaji ne ya ce in tambaya, wai mutanen gida ke son sani.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai shagon caji da turi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.