Godiya ga ofishin da ya shirya mana tafiyar Tunisiya

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin shirya tafiye-tafiye da ke kusa da kasuwar Dole, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, don abin da kuka yi wa mahaifina ya wuce sayar da tikiti.

Mun je Tunisiya ne don a cire wa Baba yanar ido. Kun shirya komai, tun daga motar Yamai har jirgin Tunis da wanda ya tarbe mu ya kai mu Susa, wani gari da ke bakin teku. Wannan aikinku ne, kuma kun yi shi da kyau. Abin da ya fi taɓa ni shi ne masauki. Da Malama mai kula da takardunmu ta ji Baba ya ce bai taɓa ganin teku ba, sai ta ce, "Baba, in sha Allahu za ka gani." Ta nema mana ɗaki kusa da gaɓar Bujafar, ba tare da ta ƙara mana ko dala ba.

Gaɓar Susa gabas take kallo, don haka daga cikin ruwan Bahar Rum rana ke fitowa. Bayan aikin idon, da likita ya ba da izini, muka yi sallar asuba, na riƙe hannun Baba muka sauka bakin ruwa, yana sanye da baƙin tabarau. Agogonsu ɗaya da namu, amma gari daban yake wayewa a can. Mu da muka saba ganin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Birni, sai ga ta tana tasowa ja kamar garwashi, babu dutse, babu itace, sai jiragen masunta na dawowa. Baba ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, mutumin da watannin baya ba ya gane fuskar jikokinsa. Ya yi ta faɗin "Subhanallahi", ni kuwa hawaye suka hana ni magana.

Daga baya mun ziyarci babban masallacin garin, wanda aka gina a shekarar 851, amma har yau labarin teku Baba ke ba abokansa a zaure.

Ya ce in gaida Malama, in gaya mata ya sa mata albarka. Allah ya ƙara buɗi, ya saka muku da alheri.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga unguwar Birni, Damagaram