Masu bincike su kwana ɗaya da mu a ɗakin haihuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ni ungozoma ce, na haura shekara 20 ina karɓar haihuwa.

Yawancin shekarun nan da ido muke auna jinin da mace ta zubar bayan ta sauka. A dubi zanin gado, a ɗaga tsumman da ya jiƙe, a ce bai kai ba. A littafi, idan ya kai mililita 500 an shiga haɗari, amma ido kullum rage lissafi yake yi. Ba na manta wata baiwar Allah da ta haihu da asuba lafiya lau, har tana tambayata ko yaron ya yi kama da ubansa. Na juya ina goge jariri, da na dawo na taɓa hannunta sai na ji shi sanyi ƙalau, bugun jijiya yana gudu. Jinin ya taru ta ƙarƙashinta, ba mu gani ba. Allah Ya sa da sauran kwananta a gaba, sai da aka ƙara mata jini leda uku.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Leda ce mai aljihu da layukan awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya riƙa taruwa a inda kowa zai karanta adadinsa. Da ya kai layi, ba a jiran a gwada wannan a ga ko zai yi, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, tiranekzamik asid mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Matsanancin zubar jini da masifun da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Abin da ya fi burge ni, babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Duk mun san su. Bambancin shi ne masu binciken ba su tsaya a ofis ba. Sun horar da ma'aikata a cikin ɗakin da suke aiki, sun tanadi keke ko akwatin da kayan gaggawa ke zama wuri guda, sun zaɓi wasu daga cikin ma'aikatan su zama jagorori, suna kuma komawa da alƙaluma su nuna wa kowa yadda aikinsa yake tafiya. Irin wannan aikin ne nake kira a tallafa wa, domin shi ne ba a cika ba wa kuɗi ba.

Na ga kishiyar haka da idona. Tun 1995 bincike ya nuna magnesiyam salfet ya fi dayazefam wajen tsayar da jijjigar masu ciki, a 2002 kuma aka tabbatar yana rage haɗarin kamuwa da ita da fiye da rabi. Amma shekaru bayan haka, a inda nake aiki dayazefam muke ɗaukowa. Ba jahilci ba ne, tsoro ne. An ce mana idan magnesiyam salfet ya yi yawa yana tsayar da numfashi, kuma ba wanda ya zauna ya nuna mana yadda ake buga gwiwa a ga ko ƙafa ta motsa, a ƙirga numfashi, a auna fitsari. Makarinsa ma, kalsiyam gulukonet, babu shi a kabad. Wa zai yi gangancin ba da magani a haka da ƙarfe biyun dare, likita yana tiyata?

Masu bincike suna zuwa mana, ba na musu. Su zo da takardun tambayoyi, mu bar aikinmu mu cike musu, su yi godiya, daga nan ko ƙeyarsu ba ma sake gani. Da can haushinsu nake ji. Sai da wata matashiyar likita ta fahimtar da ni cewa kuɗin da aka ba su yana ƙarewa ne ranar da mujalla ta buga aikin, ƙarin girma a jami'a kuma da yawan takardu ake samunsa, ba da yawan ɗakunan da suka canza aiki ba. To wa zai dawo? Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji wani nazari da aka yi a Amurka a 2000 ya ƙiyasta cewa sakamakon bincike yakan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum.

Ina kira ga masu ba da kuɗin bincike su riƙa ware kaso na bayan bugawa, na horarwa da komawa a duba. Jami'o'i kuma su lissafa wannan wahalar a matsayin aiki idan an zo ƙarin girma. Su ma shugabannin asibitoci, idan mai bincike ya dawo da sakamako, su saki ma'aikata na awa biyu su saurare shi, ba a tura mutum ɗaya taro a otal ya dawo da jaka da biro ba.

Masu binciken kuwa, roƙona su tambaye mu tun kafin su tsara aikin, su kuma kwana ɗaya da mu. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da tiranekzamik asid cikin awa uku da haihuwa idan jini ya ɓalle, bayan haka amfaninsa ya wuce. Na yi aikin dare a inda maganin yana nan, amma a kulle a ɗakin magani, makullin kuma yana aljihun wanda ya tashi tun ƙarfe huɗu na yamma. Wannan ba zai taɓa fitowa a takardar tambayoyi ba, sai mutum ya tsaya bakin ƙofar tare da mu yana jijjiga kwaɗo.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wata ungozoma mai karanta jaridarku