Inda ake ƙulla siyasar gado a mazaɓunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu sa baki a maganar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun bakin kasuwa, daga Gujungu har Sara, wai 'ya'yan manya sun gaje kujerun iyayensu, ɗan talaka sai dai ya liƙa fasta ya yi tafi. Ƙorafin yana da tushe. Inda muka saɓa da masu yin sa shi ne wurin da suke nuna wa yatsa. Ranar zaɓe suke zargi, alhali tun watanni kafin a kafa rumfa an riga an yanka an raba.

A duba 2023. Mustapha, ɗan tsohon gwamna Sule Lamido, ya tsaya takarar gwamnan Jigawa a PDP, Malam Umar Namadi ya kayar da shi. Umar, ɗan Abdullahi Umar Ganduje, ya nemi kujerar majalisar wakilai ta Dawakin Tofa da Tofa da Rimin Gado a APC, mahaifinsa na kan kujerar gwamna a lokacin, amma Tijjani Abdulƙadir Joɓe na NNPP ya yi nasara. Sadiq, ɗan Ambasada Aminu Wali, ya riƙe wa PDP tutar gwamnan Kano, bai kai labari ba. A shekarar dai Bello El-Rufa'i ya ci Kaduna ta Arewa, Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa kuma ya zama sanatan Katsina ta Tsakiya, daga gidan da ya ba da ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, da Janar Shehu, da shugaban ƙasa Umaru. Ke nan mai ƙuri'a ba ya bin suna ido rufe, wani ya ɗaga shi, wani ya ajiye shi. Abin da ya haɗa dukansu shi ne sunayensu sun isa gaban mai zaɓe. Ba mu ce wani daga cikinsu ya karya doka ba. Tambayarmu ita ce wace hanya ce take da sauƙi ga ɗan babban gida, take zame wa malamin firamare na Kiyawa hawan dutse.

Hanyar daga mazaɓa take farawa. Jigawa na da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, Kano na da 484 a 44. Kowace mazaɓa jam'iyya na da shugabanninta, ciyaman, sakatare, ma'aji, shugabar mata, shugaban matasa da sauransu, kuma shekara huɗu suke yi. Ranar da za a zaɓe su ba a ganin kowa sai 'yan tsiraru, domin ba a raba atamfa, ba a kiɗa. Wanda ya san darajar ranar shi ne tsohon ɗan siyasa. Shi zai saye fom ɗin duka muƙaman a dunƙule daga hedikwatar jiha, a zauna a falonsa a Dutse ko Kano a cike sunaye, a dawo ƙauye a karanta, a ce an yi masalaha. Wanda ya ɗaga hannu zai yi magana sai a tambaye shi katinsa na jam'iyya, ga shi katin ya ƙare tun kafin ya iso garinsu. Daga ranar, ciyaman na mazaɓa ya san wanda ya ɗora shi, kuma bashi ne a wuyansa.

Waɗannan shugabanni su ne suka riƙa tace sunayen deliget, wato wakilan da ke jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani. A zaɓen fid da gwani na 2022, APC ta ɗauki deliget biyar daga kowace mazaɓa, PDP uku. A yi lissafi: mutum 1,435 ne za su fitar wa APC ɗan takarar gwamna a Jigawa, 861 a PDP. A Kano 2,420 da 1,452. In aka sauko mazaɓar tarayya mai mazaɓu talatin, deliget 150 ne ko 90. In 'yan takara biyu ne, ƙuri'a 76 ta isa a ɗaya, 46 a ɗayar. Mutum arba'in da shida, waɗanda za su shiga motar haya uku su bar gurbi, su ne za su yanke wa dubban ɗaruruwan mutane wanda za su gani a takardar zaɓe. Sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 ya ƙara rage yawan, domin ya bar zaɓaɓɓun deliget kaɗai, masu riƙe da muƙami da waɗanda suka taɓa riƙewa, da a da suke jefa ƙuri'a kai tsaye, suka koma 'yan kallo. An yi gyara a majalisa, shugaban ƙasa bai sa hannu ba har aka gama. Ƙaramin garke ya fi sauƙin kiwo. Shi ya sa aka riƙa kwashe su a kai otal daren jajibere, a karɓe wayoyi, wani lokaci har da rantsuwa, da safe a kawo su fili cikin mota ɗaya.

To wa ya san waɗannan mutum arba'in da shida? Wanda ya yi shekara talatin yana zuwa suna da ta'aziyya a gidajensu, ya sa ɗan wannan a aikin gwamnati, ya biya wa wancan kujerar Makka, ya kai matar wani asibiti. Wannan shi ne ainihin abin da ɗa yake gada, ba kujerar ba. Littafi ne na alheri da aka daɗe ana rubutawa, ranar fid da gwani a buɗe shi. Dattijo zai ce wa deliget, "Ga ɗanku nan, amana ce," shi kuwa a tarbiyyarmu ba zai iya ɗaga kai ya ce a'a ba. Ko an koma ƙato-bayan-ƙato ma, mai riƙe da rajistar 'yan jam'iyya da takardar rubuta sakamako shi ne mai zaɓen, kuma layin da ake yi a gaban idon ubangida ba sirri a cikinsa.

Sai kuɗi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin gwamna naira miliyan 50, sanata miliyan 20, majalisar wakilai miliyan 10, majalisar jiha miliyan 2. PDP ta fi sauƙi: miliyan 21, miliyan 3.5, miliyan 2.5, da dubu 600. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara shi cif, bai ci ba bai sha ba, kusan shekara 28 kafin ya sayi fom ɗin majalisar wakilai na APC. An yi wa matasa ragin rabin kuɗi, gaskiya ne, amma rabin miliyan goma a ƙauye buhun gero nawa ne? Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta sauko da majalisar wakilai da ta jiha zuwa shekara 25. Ɗan shekara 25 da ke da irin wannan kuɗi, in ba gado ya ci ba, to akwai mai biya masa. Fom ma somin-taɓi ne. Jigawa na da rumfunan zaɓe 4,522, Kano 11,222. A ce ɗan takarar gwamna a Jigawa zai sa wakili ɗaya tak a kowace rumfa ya ba shi dubu biyar na abinci da mota, miliyan 22 da ɗoriya ta tafi a wuni guda, kuma ba mai hankalin da zai bar akwati da mutum ɗaya. Dokar 2022 ta ƙayyade kashe kuɗi, biliyan ɗaya ga gwamna, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, amma wa ke bin motar kamfe da alƙalami?

Akwai ƙofar da mai ƙuri'a ba shi da mabuɗinta sam, wato naɗi. Umar Ganduje da ya faɗi zaɓe a 2023 an naɗa shi ɗaya daga cikin manyan daraktocin hukumar samar da lantarki a karkara ta tarayya a 2024. A shekarar kuma Mustapha, ɗan Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, ya zama kwamishinan matasa da wasanni a Kano. Doka ba ta hana ba. Kwamishina majalisar jiha ke tantance shi, mai ba da shawara kuwa ko wannan babu. Amfanin naɗi ga mai shirin takara a fili yake: shekara uku yana raba taki, yana buɗe rijiyar burtsatse, ana kiran sa "Honorabul", ranar sayar da fom ba wanda zai ce baƙo ne.

A ƙaramar hukuma abin ya fi yin ƙamari, kuma ba ya shiga jarida saboda sunayen ba sanannu ba ne. Gida ɗaya za ka tarar wa dagaci ne, ƙane kansila, ɗan 'yar'uwa sakataren jam'iyya, suruki shi ke gyaran ajujuwan firamare. Shekaru aka yi ana naɗa kantomomi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa haramun ne, kuma a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aka yi zaɓe a Oktoban shekarar. APC ta cinye kujerun ciyaman 27 a Jigawa, NNPP ta cinye 44 a Kano. Inda jam'iyya mai mulki ke lashe komai, wanda aka rubuta sunansa a gidan gwamnati shi ne ciyaman, ranar zaɓe cika sharaɗi ce.

Wata ɓaraka da ba a cika magana a kai ba tana cikin takardar bayyana kadara. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai muƙami ya bayyana dukiyarsa da ta 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da shekara 18. Baligin ɗa ba ya ciki, ƙane ba ya ciki. In kwangila ta bi ta kamfanin da ke ɗauke da sunansu, a takarda uba fes yake, kuma daga ribar za a sayi fom ɗin zaɓe mai zuwa.

Tarihi kuma yana da nasa hannun. A jamhuriya ta farko NPC da hakimai da ma'aikatan En'e ta cika majalisu. Sardauna kansa hakimin Raba ne kafin ya zama firimiya, Ado Bayero ya zauna a majalisar dokokin Arewa kafin ya hau gadon Kano a 1963. Don a karya wannan aka kafa NEPU a 1950, daga tsatsonta PRP ta fito ta ba Kano Abubakar Rimi a 1979, ya soke haraji da jangali. Abin lura shi ne da yawa daga manyan gidajen siyasar yau almajiran wannan makaranta ne suka gina su. Ita kuwa sarautar da ake kwatanta su da ita ba ta taɓa zama ɗauki-ɗora kai tsaye ba. A Kano sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta sun zauna sun auna 'ya'yan sarki, kuma galibi sai ɗa ya riƙe gunduma an ga kamun ludayinsa. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya ne idan ya zauna a maƙera ya hura zugazugi. Wanda ya girma a Abuja, ya yi karatu a Ingila, bai san hanyar da ke yankewa da damina tsakanin ƙauyukan mazaɓarsa ba, sunan ya gada, sana'ar bai gada ba.

A nan ne gidajen ke tuntuɓe. Yaran uba da suka yi shekara ashirin suna jiran layinsu ba sa musu a falo. Za su karɓi kuɗin wakilai, su sa hula, ranar zaɓe su tura mutanensu wani akwatin, ko su sauya sheƙa da tsarin mazaɓarsu gaba ɗaya. Na biyu, karɓa-karɓa. Mazaɓar tarayya mai ƙananan hukumomi biyu ko uku tana da yarjejeniyar baka ta wanda zai yi bayan wane, in aka tsallake ta saboda ɗan gida, garin da aka tsallake zai rama a akwati. Na uku daga cikin gida yake tasowa, tsakanin 'yan uba, kowane ɗaki na ganin nasa ya fi cancanta. A Kwara a 2011 Olusola Saraki ya tsayar da 'yarsa Gbemisola takarar gwamna, ɗansa Bukola ya goyi bayan Abdulfatah Ahmed, uban ya sha kaye a hannun ɗansa. Shekara takwas bayan nan guguwar 2019 ta raba Bukola da kujerar sanata.

Masu cewa a yi dokar hana 'ya'yan tsofaffin gwamnoni takara su haƙura. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda gidan da aka haife shi, kuma shi ne sashen da ke kare ɗan talaka ranar da za a ce masa ubansa ba kowa ba ne. Abin da ake iyawa ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wahala. Ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa a mazaɓa ta yanki katin jam'iyya da wuri, ta tabbatar sunayen sun shiga rajistar da ake miƙa wa INEC tun kafin taro. Su haɗa kuɗi su sayi fom ɗin sakatare da na shugabar mata da kansu, su riƙe rasit. Ɗan takarar da aka ce an yi masalaha ba da shi ba, ya sani a ƙarƙashin dokar sai kowane wanda aka tantance ya rubuta amincewarsa, in babu takardarsa babu masalaha. In zai je Babbar Kotun Tarayya, kwana 14 kacal yake da su daga ranar da abin ya faru. Da yawa suna ɓata su wajen bin dattawa a yi sulhu, ranar sha biyar lauya ya ce musu ihu bayan hari ne.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita: jam'iyyu na sanar da INEC ranakun tarukansu tun kafin lokaci. A riƙa buga waɗannan ranaku da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da kuɗin fom ɗin kowane muƙami da inda ake sayar da shi. In an kammala kuma a tura wakili ya karɓo sunayen da aka fitar, a buga su kamar yadda ake buga farashin hatsi na kasuwar Dawanau.

Mun gode.

Daga wasu masu bibiyar siyasar mazaɓu,
Ƙaramar Hukumar Gwaram, Jihar Jigawa.