Matan finafinan Amurka na 1933 da mu matan kwantiragi

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lahiya da ma'aikatanka. Ni malamar lakwal ce 'yar kwantiragi a nan Maradi, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani tsohon fim baƙi da fari da ƙanena ya sa mani a talho, Gold Diggers of 1933, na zamanin da tattalin arzikin Amurka ya rushe bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929, har a 1933 kusan mutum 1 cikin 4 na ma'aikatan ƙasar ba shi da aiki.

Wallahi Edita na zaci raye-raye kawai zan gani, sai ga 'yan mata sun haɗu ɗaki ɗaya, aiki ya mutu, kuɗɗin haya babu, har madarar maƙwabci suke ɗaukewa su karya kumallo, kuma da za a tahi neman aiki sai suka haɗa kayan sawa aka shirya mutum ɗaya ta fita. Na yi dariya sannan na yi shiru, don mu ma mun san aron mayafi da jaka ranar da mutum zai je buro, mun san lissahin tiyar hatsi da gawayi da kuɗɗin kabu-kabu tun wata bai kai 15 ba, balle lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 komi ya tashi a kasuwa, albashi kuwa shina nan inda yake, in ma ya zo kan lokaci.

Inda fim ɗin ya ba ni haushi shi ne ƙarshe, kowace ta samu mai kuɗɗi ta aura, shikenan wai talauci ya ƙare. To a zahiri fa a 1932 gwamnatin Amurka ta yi doka cewa in mata da miji duka suna aikin gwamnati kuma za a rage ma'aikata, ɗayansu za a fara sallama, kuma galibi matar ce ke tahiya, sai 1937 aka soke dokar. Dalilin da ake bayarwa shi ne namiji ke ciyar da gida. Wannan magana har yau ina jin ta, "ai ke albashinki na kwalliya ne", alhali a unguwarmu na san zawarawa da matan da mazansu suka tahi cin rani, su ke biyan haya su ke sayen magani, adashe ne bankinsu ba wani Alhaji.

Don Allah ku tura wakilinku ya zauna da malamai da ungozomomi da masu tuyar ƙosai, ya tambaye su nawa ke shigowa nawa ke fita a wata, ku buga mu gani.

Taku,
Wata malama, unguwar Zariya, Maradi