Ina ɗan ragon?

Aminina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Zariya lafiya lau, sai zafin da ya kore mu kwana tsakar gida.

Ka ce Tsohon Alkawari na Littafi Mai Tsarki ya gundure ka, wai duk yanka ne da jini da dokoki, gara ka tsallaka Bisharar Matiyu a Sabon Alkawari ka huta. Na yi dariya, don da ni ma haka nake. Ragon maƙwabcina ne ya sa na sake tunani. Da Babbar Sallah ta gabato ya ɗaure shi a ƙofar gida, yara na ba shi dusa da harawa, har suna suka raɗa masa. Ranar layya autarsa ta ƙi taɓa naman. Sai Fitowa sura 12 ta faɗo mini a rai. An umarci Isra'ilawa a Masar su ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji bana ɗaya marar lahani, ran 10 ga wata, amma ba za a yanka ba sai ran 14. Kwana huɗu yana gida ke nan, ai dole a saba da shi! A shafa jininsa a jikin ƙofa, a gasa naman a ci da gaggawa, kada a karya masa ƙashi ko ɗaya.

Daga nan na koma Farawa 22. Ishaku na ɗauke da itace, ya tambayi babansa: ga wuta, ga itace, ina ɗan ragon? (Maƙwabcina zai ce Isma'ila ne. Mun sha wannan muhawara a kan tabarma, ba mu taɓa ɓatawa ba.) Ibrahim ya ce Allah zai tanada. Abin da ban taɓa lura ba shi ne, wanda aka samu a sarƙaƙiya riƙaƙƙen rago ne, ƙahoninsa suka maƙale. Ɗan ragon da yaron ya tambaya bai bayyana ba ranar.

A Ishaya 53 zancen ya tashi daga kan dabba ya koma kan mutum: bawan da ake ja zuwa mayanka kamar ɗan rago, bai ce uffan ba. Gaskiya dai, yawancin Yahudawa ba haka suke karanta ta ba. Babban malaminsu Rashi, wanda ya rasu a Faransa a 1105, ya ce al'ummar Isra'ila ake nufi. Ko mutumin Habasha na Ayyukan Manzanni 8 sai da ya tambayi Filibus, wai da wa annabin yake?

To, ka ga wanda ya tsallake duk wannan, me zai gane idan Yahaya Maibaftisma ya nuna Yesu ya kira shi Ɗan Ragon Allah? Ko a Yahaya 19, inda sojoji suka karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da shi, shi kuwa suka bar nasa? Wanda ya fi ratsa ni Wahayi 5 ne: an ce wa marubucin littafin ga Zakin kabilar Yahuza, da ya duba sai ya ga Ɗan Rago tsaye kamar an yanka shi.

Ka karanta Fitowa 12 da Yahaya 19 a zama ɗaya, ka faɗa mini abin da ka gani. Mama tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran atamfar da ka yi mata alkawari.

Naka har kullum.